"Mijina ya ce sai Barira"

Assalamu alaikum Anti. Cikina wata takwas, kuma hoton asibiti ya nuna mace ce. Mahaifiyar mijina ta rasu bara, sunanta Barira, shi kuma ya ce ko ana ha-maza ha-mata sunanta zai mayar. Ni sunan bai kwanta min ba. Rabon da in ji an raɗa wa jaririya Barira har na manta, sai dai tsofaffi. Ƙawata ta ce sunan baiwa ne, wai kuma mai sunan ta asali aurenta mutuwa ya yi. Yayata ta ce ita ɓari take jiyowa a cikinsa. Ni Afnan nake so tun ina budurwa. Kuma tsakanina da Allah, ni da marigayiyar ba mu yi zaman daɗi ba. Mene ne asalin sunan nan, kuma yaya zan yi da mijina?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sauke ki lafiya, ya jiƙan surukarki.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, a na biyun na lura kin ajiye babban ƙunshin a ƙarshe, yadda mu mata muka saba: a yi ta hirar ƙawa da yaya, sai an yafa mayafi an kai bakin ƙofa a ce "af, har na manta abin da ya kawo ni". Za mu zo kansa. Bari mu sallami yayarki da ƙawarki tukuna.

Ta yayarki ba ta da wuya. Barira sunan Larabci ne, kuma Larabci ko harafin ɓ ba shi da shi. In kunne za mu bi, sai mu ce Rabi ba ta cika mutum ba, Mariya kuma mari za ta yi ta sha. Ki ce mata ta kwantar da hankalinta.

Asalin kalmar daga itace ne, itacen da kika sani ko da ba ki taɓa ganinsa a tsaye ba, wato wanda ake saro asuwaki daga saiwarsa da rassansa. Larabawa na ce masa arak. Yakan yi 'ya'ya ƙanana cikin gungu, ba su kai ƙwayar wake ba, su fara da kore, su koma ja, in sun nuna sosai su yi duhu. Sunan 'ya'yan nan barir, guda ɗaya kuma barira. Nunannun ana ce musu kabas, kuma akwai hadisi a Bukhari inda sahabbai ke tsinkarsu a wani kwari kusa da Makka, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce musu su zaɓi baƙaƙen don sun fi daɗi. Da suka tambaye shi ko ya yi kiwo ne har ya san haka, ya ce ai babu annabin da bai yi ba.

Wasu malamai, irin su Ƙurɗubi, sun ce sunan daga birru ya fito, wato nagarta da biyayya. Ibnu Hajar, wanda ya yi sharhin Bukhari ya rasu a shekarar 852 bayan Hijira, ya fifita ma'anar itacen, kuma hujjarsa ta burge ni. Ya ce Annabi ya canza wa matarsa Juwairiyya suna domin da Barra ake kiranta, ma'ana nagartacciya, ya ce kada mutane su riƙa tsarkake kansu. Da Barira ma daga nan take, da ita ma an canza mata. Ba a canza ba. Ki riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Kada ki ce ɗan itace ya yi ƙanƙanta a raɗa wa mutum. Ɗalha sunan wata bishiyar ƙaya ce. Khadija, wadda muka mayar Hadiza da Dije, a ƙamus bakwaini take nufi. Ja'afar ƙorama ce, Abbas mai ɗaure fuska. Babu wanda ke raɗa Hadiza don yana fatan bakwaini. Uwar muminai yake hange. Mutanen da suka sa rigar ne suka ba ta ƙamshi. Don haka tambayar da ta fi ƙamus ita ce, wace ce Barirar?

Ƙawarki ta faɗi gaskiya, amma rabi. Baiwa ce a Madina. Sai dai ba ta zauna jiran wani ya ji tausayinta ba. Ta yi yarjejeniyar fansar kanta da iyayengijinta a kan uƙiya tara ta azurfa, kowace shekara ɗaya. Uƙiya dirhami 40 ce, kin ga dirhami 360 ke nan cikin shekara tara. Ta je wajen Nana A'isha neman taimako. Nana A'isha ta ce za ta biya duka a tashi ɗaya ta 'yanta ta, amma wala'i ya zama nata, wato dangantakar da ke shiga tsakanin wanda ya 'yanta da wanda aka 'yanta, har da gado idan babu magaji. Iyayengijin suka ce a'a, kuɗin dai su karɓa, wala'in ma ya zauna a hannunsu. So suke su ci biyu. Maganar ta kai ga Annabi, ya yanke cewa wala'i na wanda ya 'yanta ne, ya kuma miƙe cikin jama'a ya yi huɗuba, ya ce duk sharaɗin da ba ya cikin Littafin Allah ɓatacce ne ko da sharaɗi ɗari ne. Har gobe malaman fiƙihu in suna maganar sharuɗɗan ciniki sai sun biyo ta kan wannan.

Nana A'isha da kanta ta ce sunnoni uku aka samu ta dalilin Barira. Na wala'i ɗaya ke nan. Akwai na nama: Annabi ya shigo ya ga tukunya a wuta, aka kawo masa gurasa da abin haɗin da aka saba, ya ce ba nama ya gani a tukunya ba? Aka ce sadaka ce aka ba Barira, kai kuma ba ka cin sadaka. Ya ce a wajenta sadaka ce, a wajenmu kyauta. Jumla guda, ta mayar da mai karɓar sadaka mai bayar da kyauta.

Na ukun shi ne auren da ƙawarki ke tsorata ki da shi. Mijinta Mugisu bawa ne. Da ta samu 'yanci aka ba ta zaɓi, ta zauna da shi ko ta rabu. Ta zaɓi rabuwa. Ibnu Abbas ya ce kamar yanzu yake ganin Mugisu yana bin ta a baya cikin lungunan Madina, yana kuka, hawaye na sauka kan gemunsa. Abin har ya sa Annabi ya ce wa baffansa Abbas, ba ka mamakin irin son da Mugisu ke wa Barira da irin ƙin da Barira ke wa Mugisu? Sai ya yi mata magana, ya ce da dai kin koma masa. Ta ce, ya Manzon Allah, umarni kake ba ni? Ya ce a'a, ceto nake yi. Ta ce, to ba ni da buƙatarsa.

Ki tsaya a nan kaɗan. Mace ce da jiya-jiya ake cinikinta, tana tsaye gaban mafi girman halitta, ta san in umarni ne babu zancen zaɓi, in alfarma ce tana da ta cewa. Ba ta yi tsiwa ba, ba ta kuma haɗiye abin da ke ranta don kunya ba. Tambaya ta yi. Shi kuma bai ɗaure mata fuska ba, bai ce ta watsa masa ƙasa a ido ba. Ina tausayin Mugisu duk lokacin da na karanta wannan, ba zan ɓoye miki ba, amma ban taɓa jin Barira ta ragu a idona ba. Wannan ba auren da ya mutu don baƙin jini ba ne. Aure ne da mai shi ta fita lokacin da shari'a ta buɗe mata ƙofa.

Ita ce kuma aka tambaya lokacin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, ko ta taɓa ganin wani abin zargi. Ta ce ba ta san mata aibin komai ba, illa dai yarinya ce, takan yi barci ta bar ƙulli, dabbar gida ta zo ta cinye. Shaida mai ɗan murmushi a cikinta, a ranakun da birni ya cika da tsegumi, manya ma wasu suka zame. Ta yi tsawon rai, har malaman tarihin sahabbai suka ruwaito cewa Abdulmalik ɗan Marwan yakan zauna wajenta a Madina kafin ya zama halifa a shekarar 685 Miladiyya, ta kuma gargaɗe shi cewa in mulki ya zo hannunsa ya kiyayi jinin mutane. Imamu Nawawi ya ce Ibnu Khuzaima da Ibnu Jarir kowannensu ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen da ke cikin hadisinta kaɗai. Labarin yana cikin Muwaɗɗa, yana cikin Bukhari da Muslim. Ki tambayi kowane malamin zaure.

Batun "sunan baiwa" kuwa, ki tambayi ƙawarki masu suna Sumayya nawa ta sani. Sumayya baiwa ce. Bilal bawa ne, Salmanu ma an sayar da shi a kasuwa. Babu mai jin ƙyamar waɗannan.

Ba na cewa suna ba shi da nauyi. Yana da shi. Annabi yana son suna mai daɗi, ya kan canza mummuna. Wata 'yar Umar da ake kira da sunan da ke nufin mai saɓo ya mayar da ita Jamila. To mutumin da ya canza wa matarsa suna, ya canza wa 'yar Umar, shi ne Barira ta yi shekaru tana shige da fice a ɗakin matarsa, yana kiranta da sunanta, bai taɓa shi ba. Ni dai wannan ya ishe ni.

Saura maganarki cewa sunan ya tsufa, kuma a nan ba zan yi miki gardama ba. Na koyar a firamare shekaru masu yawa. Akwai ajin da na taɓa riƙewa, in na ce "Hanan" kai uku ke ɗagowa, sai da muka koma Hanan babba, Hanan ƙarama, da Hanan mai gilashi. Barira ko ɗaya babu a rajistar. Amma da zan kira sunayen kakanninsu, na san da na same ta.

Sunaye ma suna da yayi kamar atamfa, sai dai nasu zagayen ya fi tsawo. A wajenmu kina iya ganin hawa-hawan. Can ƙasa akwai su Tanko, Kande, Ladi, Azumi, sunayen rana da yanayin haihuwa. Sama da su akwai sunayen Musulunci da suka daɗe a bakinmu har suka koma Hausawa: A'isha ta zama Indo, Maryam ta zama Mairo, Hauwa'u ta zama Kulu, Zainab ta zama Abu. Daga wajen shekarun 1970 zuwa 1980, da Islamiyyu suka yawaita, ɗalibai suka riƙa dawowa daga Madina, sai aka shiga laluben sunayen sahabbai mata da ba a saba ji ba, su Nusaiba, Rumaisa'u, Khaulat, Rufaida. Da tauraron ɗan'adam da waya suka shigo kuma, sai gajerun sunayen Larabawan zamani suka biyo baya: Amal, Ilham, Iman, Hanan, da Afnan ɗinki.

Abin dariyar shi ne Barira sahabiya ce kamar Nusaiba, zamaninsu ɗaya, birninsu ɗaya. Laifinta kawai ta riga zuwa. Ta iso ƙasar nan tun da wuri, ta zauna a bakin kakanni, ta sha rana, sai kunnenmu ya ɗauke ta 'yar ƙauye, ya ɗauki Nusaiba baƙuwa 'yar gayu. Wasu tsofaffin sunayen sun tsira ne don suna da rigar canzawa: Dije ta koma Khadija, Rakiya ta koma Ruƙayya, Mairo ta koma Maryam, aka ce sabo ne. Barira ba ta taɓa lanƙwashewa ba balle a miƙar da ita, yadda ta zo haka take.

Sannan akwai abin da ke ɓoye ta. Yawancin masu sunan a yau sunan kaka aka mayar musu, kuma wanda ya ci sunan uwar miji ba a kiransa gatsal. Sai a ce Ummi, Mama, Walida, Hajiya. Don haka rashin jin sunan a tsakar gida ba ya nufin an daina raɗa shi. Wataƙila cikin Ummin da kika sani akwai Barira, ba ki taɓa ganin takardunta ba ne.

Kuma abin da ya tsufa yakan dawo. Amurkawa suna da lissafin sunayen jariransu tun daga 1880, don haka a wajensu zagayen a fili yake. Sunan Emma shi ne na uku a 1880, ya yi ta sauka har ya koma bayan na 400 a shekarun 1970, sunan tsofaffi ke nan, sai ga shi ya zama na ɗaya a 2008, ya kuma riƙe kambun daga 2014 zuwa 2018. Jennifer kuwa shi ne na ɗaya tun 1970 har 1984, yau ko cikin ɗarin farko ba ya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: iyaye suna gudun sunan tsarar iyayensu don yana musu warin tsufa, amma in masu sunan suka ƙare, ya huta, sai jikokin jikoki su ji shi sabo. Sunan da ya fi kowane tashe a yau shi zai fi nuna shekarun mai shi gobe. Ba annabci nake miki cewa Barira za ta dawo yayi ba. Ina dai cewa wata rana za a ce "Hajiya Afnan" ana nufin tsohuwa mai sanda.

To, ga mu a bakin ƙofa. Ba ki yi zaman daɗi da marigayiyar ba.

Ina jin in da sunanta Nusaiba ne, da yau Nusaibar ce ba ta kwanta miki ba. Ba zarginki nake ba. Mace ta yi wata tara tana ɗauke da ciki, ta tsara yadda za ta kira 'yarta, sai a ce duk lokacin da ta dubi fuskar jaririyar za ta tuna wadda ta taɓa sa ta kuka a ɗaki. Wannan ciwo ne na gaske, kuma ya fi "sunan ya tsufa" ƙarfi nesa ba kusa ba. Kuskuren da nake jiye miki shi ne ki je wa mijinki da hujjojin ƙawa da yaya. Mutumin da uwarsa ta rasu bara, in kika ce masa sunanta na bayi ne ko na ƙauye, ba zai ji zancen ƙamus ba, zai ji kin zagi kabari. Irin wannan maganar ba ta gogewa, ko bayan shekara ashirin zai iya fito miki da ita.

Ki san matsayinki kuma. In an yi jayayya kan suna, malamai sun ce uba ke da ta ƙarshe, don da sunansa ake danganta ɗa. Amma wannan hukuncin ranar rikici ne, ba tsarin zaman lafiya ba. A cikin Alƙur'ani, a Ali Imrana aya ta 36, uwa ce ta ce na raɗa mata suna Maryam. Kina da baki a maganar, shawara haƙƙinki ce.

Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ba a gaban 'yan'uwansa ba, kuma tun yanzu, kada ki bari sai daren suna kina ɗakin jego gida cike da mutane. Ki fara da abin da yake gaskiya: kin san abin da mahaifiyarsa take a wajensa, kin san kewarta ce ke magana. Sannan ki faɗa masa naki ba tare da kin tono laifinta ɗaya bayan ɗaya ba; ya san ba ku jitu ba, a gidan yake. Ki ce masa abin yana miki nauyi, kina so ku samo hanyar da shi zai girmama uwarsa, ke kuma ki kira 'yarki da baki mai daɗi. Kina iya aron tambayar mai sunan ma, ki ce masa cikin raha: wannan umarni ne ko alfarma? Sau da yawa namiji kan kafe ne don an tare shi da ƙi, in aka tare shi da tambaya sai ya sassauto.

In ra'ayina kike nema, ki bar masa Barira. Mutum uwa ɗaya gare shi, ke kuma in Allah ya yi kwana ba wannan ce haihuwarki ta ƙarshe ba; ki sa ya yi miki alkawarin cewa ta gaba ke za ki zaɓa. Kuma tunda ko kina son sunan bakinki ba zai iya kiran sunan surukarki ba, dole a yi laƙabi, laƙabin kuwa naki ne. Ki ce Afnan za a riƙa kiranta. Kin san ma'anarsa kuwa? Rassan itace ne, yana cikin Suratur Rahman aya ta 48, inda ake siffanta gidajen Aljanna biyu masu rassa. Na yi dariya ni kaɗai da na ga haka a wasiƙarki: ke kina son reshe, shi yana son ɗan itacen, kuna ta ja-in-ja a gindin bishiya ɗaya.

In kuwa kin auna zuciyarki kin ga ko a takarda ba za ki iya jure sunan ba, kina tsoron ya shiga tsakaninki da yarinyar, to kada ki yi shiru ki haɗiye. Ki faɗa masa a sarari, in ya ƙi saurare ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, wanda ba zai yayata ba. Akwai wasu hanyoyin tuna uwa, sadaka mai gudana da addu'a sun fi isa gare ta a inda take. Amma ki gwada kanki tukuna. Ki yi mako guda kina faɗin sunan a ranki kina tuna matar Madina, ba surukarki ba, ki ga ko nauyin zai ragu. Sunan ya girmi surukarki da sama da shekara 1,300, ita ma aro ta yi.

Abu ɗaya zan roƙe ku in kun daidaita. Ku tsayar da rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa, in Barira ce Barira, in Bariratu ce Bariratu, kada makaranta ta rubuta Afnan, katin ɗan ƙasa ya zo da Bareerah. Na ga yaran da suka sha wahalar rantsuwar kotu a bakin shiga jami'a saboda laƙabi ya haye takarda. Kuma kada laƙabin ya binne sunan. In ta fara wayo ta tambaye ki me ya sa takardarta ta bambanta da abin da ake kiranta, ki zaunar da ita ki ba ta labarin uƙiya tara da tukunyar nama, na Mugisu ki adana mata sai ta zama budurwa.

Idan kin sauka ki rubuto min abin da aka raɗa.